Birkin Pisti na Alhaji Ilyasu

Ko na manta da komai na aikin gareji, ba zan manta da wata Asabar ba ta ƙarshen Nuwamba a shekarar 2005, ranar da na tsaya ina kallon Turawa biyu suna ƙoƙarin cusa wa Alhaji Ilyasu kwalkwali a kan hularsa, a filin tseren motoci, shi kuwa yana sanye da babbar riga ta shadda, da carbi a wuyan hannu. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san shi ba, don haka bari in fara daga farko.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin gareji da ke kan hanyar Sedgefield. Mai garejin shi ne Mista Wesli, kuma shi yake tsayawa a kanta, wato teburin karɓar baƙi, yana karɓar masu kawo mota, shi yake yanke abin da za a sa wa kowace. Ƙarƙashinsa akwai babban makaniki, sai ni makaniki na biyu, sai masu canza mai da taya. Ban da riƙe sifana, ni ne kuma tafinta, domin a shekarun nan mutanenmu na Nijar sun yi yawa a garinmu Greensboro na Amurka, kuma da yawansu Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba.

Mista Wesli mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo biyu. Na farko tseren mota. Da ƙuruciyarsa ya yi tsere a ƙananan filaye har ya karya haƙarƙari, bangon ofishinsa kuwa cike yake da hotunan 'yan tsere. Na biyu Faransanci. Da ya ga 'yan Nijar suna ta kawo masa aiki, sai ya sayi ɗan ƙamus ya ajiye a ƙarƙashin kanta. Da safe ya ce maka bonjur, da azahar bonjur, in za ka tafi gida da yamma ma bonjur ne. A tsakaninmu Bonjur muke kiransa, shi kuma yana jin daɗi, yana zaton girmamawa ce.

Ga waɗanda ba su san aikin birki ba, abin ba wuya. In ka taka birki, wasu 'yan fale-falen abubuwa biyu ne suke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Mu 'yan Nijar plaket muke kiransu, 'yan Najeriya su ce pad. Akwai na titi, yana da ɗan taushi, yana kamawa tun da sanyin safiya kuma ba ya surutu. Akwai na filin tsere, shi kuma tauri gare shi, ba ya kamawa sosai sai ya ɗauki zafi mai yawa. In ka sa shi a motar zuwa kasuwa, zai yi ta ihu, ya baƙanta taya da ƙura, ya ci faifan, kuma mafi muni, da sanyi sai motar ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Akwai kuma na tsaka-tsaki ga mai yin duka biyun. Shi ya sa in aka kawo mota irin ta gudu, ƙa'idar garejin ita ce a tambayi mai ita: titi kake hawa ko filin tsere?

Alhaji Ilyasu dattijo ne mutumin Ƙonni, ya daɗe a garin nan. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka Amurka, a falonsa na kwana watannina na farko, don haka Baba nake kiransa. Sana'arsa sayen motoci a gwanjo yana tura su ta ruwa zuwa Kwatano, daga can su hau zuwa gida. Wata rana ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kusan yana goge ƙasa, don wani ɗan kasuwa na Yamai. Da ɗan kasuwan ya ga hoto sai ya ce wannan ko kwatamin ƙofar gidansa ba za ta haye ba, kuma ina zai zuba iyali? Haka motar ta zauna wa Alhaji. Shi yana da babbar motarsa ta kaya, sai jar ta koma hannun matarsa Hajiya Mariyama, wadda take zuwa aiki da ita da asuba a wata masana'antar safa. Alhaji ba ya hawanta sai ranar Juma'a, kuma in yana tuƙa ta, mai keke ma yana iya wuce shi ya waiwayo ya gaishe shi.

Gidansu a Pleasant Garden yake, a ƙarshen wata hanyar tsakuwa mara kwalta, wadda take gangarowa ta faɗa babban titi inda tireloli ke wucewa. A Nijar, irin wannan hanyar ta ƙasa ko tsakuwa pisti muke ce mata, da Faransanci. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, a ƙamus ɗin Mista Wesli, filin tseren mota ma pisti ne.

Ranar da Alhaji ya kawo motar a canza mata plaket, an aike ni wani gari ɗauko kayan inji. Babban makaniki ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce da Mista Wesli ya ga jar motar idonsa ya yi haske, ya fito da kansa ya zagaya ta, sannan ya yi tambayar ƙa'ida da Turanci. Turancin Alhaji na gwanjo ne, ya san lambobi, ya san "ya yi tsada", shi ke nan. Da Mista Wesli ya ga bai gane ba, sai ya jawo ƙamus ya bi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Pisti?"

Alhaji ya washe baki. A ƙarshe ga Baturen da ya fahimci halin da ake ciki a ƙofar gidansa. Ya ce, "Wi! Pisti! Tule jur." Wato kullum.

Mista Wesli ya dafe ƙirji ya ce, kullum?

Alhaji ya haɗa Turancinsa da hannu ya nuna masa: safe da yamma. Ya ƙara da cewa madam ma tana yi, ita ta ma fi shi.

Babban makaniki ya ce saura kaɗan Mista Wesli ya yi hawaye. Ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko plaket mafi tauri da yake da shi, wanda ya ajiye don kansa, ya ɗaura da hannunsa.

Ni ban san an yi ba sai ranar Juma'a. Muna wurin ajiye motoci na masallaci sai muka ji wata ƙara mai tsinka kunne, kamar an take wutsiyar mage ba a ɗaga ƙafa ba. Masu alwala suka ɗago da ruwa a hannu. Jar motar ce take shigowa a hankali, Alhaji ya fito yana murmushi yana amsa gaisuwa. Na dubi tayoyin na ga baƙar ƙura, na durƙusa na leƙa ta tsakanin ƙarafan, na ga abin da aka ɗaura. Plaket na filin tsere ne.

Bayan salla na same shi na ce, "Baba Alhaji, birkin nan naku yana ɗan magana."

Ya ce, "Ka ji ko? Bon, wannan shi ne birki. Wancan tsohon bebe ne, ka taka ba ka san ya ji ko bai ji ba. Wannan kana takawa yana amsawa."

Na ce, "Baba, irin wannan ba na titi ba ne. Na wurin tsere ne."

"Na pisti ne. Maigidanka da bakinshi ya tambaye ni. Ya ce pisti, na ce pisti. Kai ba ka san gidana ba? Gudron ne a ƙofata?"

"A'a Baba, ba kwalta. Amma pistin da yake nufi daban ne."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lawali, ni da na tuƙa babbar mota tsakanin Ƙonni da Tawa tun kana goye, kai za ka koya mini mi ake kira pisti?"

Mutane sun fara taruwa suna sauraro. Ba a gyara wa dattijo magana a gaban jama'a, balle wanda ka kwana a falonsa. Na bar maganar a nan.

Ranar Litinin tun kafin in sa rigar aiki na shiga ofishin Mista Wesli na bayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce ya lura mu mutanen nan muna da ɓoye gwanintarmu, kuma abin yana burge shi. Na ce Alhaji bai taɓa wuce gudun mai keke ba. Ya ce ai ta nan ake gane ɗan tsere na gaske, ba ya nuna kansa a titi. Na ce matarsa ce ke tuƙa motar zuwa masana'antar safa. Ya ce kowa da inda ya fara. Sai ya nuna mini bango. Ga hoton Alhaji a jingine da jar mota, da hularsa da carbinsa, a tsakiyar 'yan tsere. Ya kuma gaya mini ya riga ya gayyace shi pisti ranar Asabar mai zuwa, Alhaji ya amsa da murna. Wallahi ranar na ji kamar in ɗauki ƙamus ɗin nan in jefa a drom ɗin baƙin mai.

Za ku ce me ya hana in je in canza kawai. A ƙasar nan ba ka taɓa motar mutum sai da yardarsa, ko da mahaifinka ne, kuma sunan Alhaji ne a kan motar. Mai gareji ya ce daidai ne, mai mota ya ce daidai ne, ni makaniki na biyu ne kaɗai ke cewa a'a. Sai na kira Hajiya Mariyama a waya.

Na ce, "Mama, ya motar?"

Ta ce, "Lawali, motar nan ta koyi taurin kai. Da asuba in na zo gangaren nan, ina takawa tana ihu tana tafiya abinta. Shekaranjiya sai da hancinta ya leƙa titi, wata tirela ta wuce har na ji motar ta girgiza."

"Kun gaya wa Baba?"

"Na gaya mishi. Ya ce ƙafata ce ba ta saba da birkin manya ba."

Na ji tsoro ƙwarai. Sanyi ya fara shigowa, kuma kowace safiya ya fi ta jiya. Na roƙe ta ta ajiye motar. Ta ce to wa zai yi mata aikinta na asuba, bas ba ta zuwa Pleasant Garden, Alhaji kuwa yana buƙatar babbar motar don gwanjo. Na ce ta karɓi tawa mu yi musaya zuwa Asabar. Da maganar ta kai ga Alhaji sai ya aiko mini da saƙo cewa shi bai mutu ba tukuna da matarsa za ta hau motar aro.

Dabara ɗaya ta rage mini, ita ma ba magani ba ce. Na ce wa Hajiya tun daga ƙofar gida ta riƙa tafiya a hankali tana tattaka birki ba ƙaƙƙautawa, ko zai ɗan ɗumama kafin gangare, kuma ta fara tsayawa tun nesa. Ta bi maganata. Sakamakon shi ne duk asuba unguwar tana tashi. Karnuka su ɗauka, wani maƙwabcinsu mai jaki a bayan gida, jakin ma ya shiga amsawa. Ranar Laraba wani tsohon Bature ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da gwangwanin mai a hannu, ya ce a ɗiga wa abin ko ma mene ne. Alhaji ya ba ni wannan labarin da alfahari, ya ce har maƙwabta sun fara kawo wa motar kyauta.

Game da gayyatar Asabar kuwa, Alhaji ya riga ya fassara ta. A ganinsa, Bature ya gayyace shi pistinsa, wato ƙauyensu, ya ga iyayensa. Ya ce mini, "Mutum ba ya kai ka har pistinshi sai ya ɗauke ka ɗan'uwa." Ya sa Hajiya ta dafa shinkafa da kaji aka cika kula, ya nemo goro, ya sa aka goge shadda. Na ga bakina ya gaza sau biyu, watakila filin da kansa ya fi ni iya bayani. Na zuba plaket na titi da jak na ɗaga mota da kayan aiki a but ɗin motata, na ce zan raka shi.

Filin yana arewa da gari, tafiya ce mai ɗan nisa, Alhaji kuwa ya mayar da ita mai nisa sosai. Yana gaba ina biye, duk fitilar da muka tsaya sai mutane sun juyo. Da muka shiga ƙofa ya fito ya tsaya yana kallo. Ga kwalta baƙa wulik, santsi kamar faranti, tana ta lanƙwasa a cikin ciyawa, ba gida ko ɗaya.

Ya ce, "Lawali, ina garin?"

Na ce, "Babu gari, Baba."

"To hanyar nan ina ta nufa?"

"Nan take dawowa."

Ya ce, "An zuba gudron irin wannan, ba ya zuwa ko'ina, ni ƙofar gidana ba a ba ni ko cokali ɗaya ba?"

Na ga alamar ya fara shakka, amma kafin in cusa maganata sai ga Mista Wesli da gudu yana bonjur, da abokansa a baya. Ya gabatar da Alhaji a matsayin gwanin Afirka wanda ke kan pisti safe da yamma. Suka yi layi suna miƙa masa hannu. Mutum ba ya cewa an yi kuskure alhali ana girmama shi haka, balle Alhaji Ilyasu. Ya buɗe ƙunshin goro ya rarraba. Suka ɓantara suka tauna, fuskokinsu suka yamutse, suka haɗiye don kunya. Wani ya tambaye ni a ɓoye ko wannan ne sirrin.

Dokar filin ita ce ba mai shiga sai da kwalkwali. Alhaji ya ce shi ba ya cire hula a gaban baƙi. Aka yi ta jayayya ina fassarawa, a ƙarshe aka daidaita a kan a danne hular a cikin kwalkwalin. Mutum biyu suka danna har ya shiga. Aka naɗe masa hannuwan babbar riga a kafaɗa, aka tattara sauran aka tura cikin mota, aka ɗaure shi da bel. Wata dokar kuma, duk baƙo sai malamin tuƙi ya zauna kusa da shi. Mista Wesli ya ce shi zai zauna, amma ya ce kowa ya sani shi ne zai koyi darasi a wurin Alhaji.

Ni ina bayan katanga ina kallo. Alhaji ya yi bisimilla ya tayar, da ya zo shiga filin sai ya kunna sigina, ya tsaya ya duba hagu da dama. A kowace kwana sai ya kunna sigina. A bakin kowace kwana akwai mai tuta, aikinsa ya sanar da direba abin da ke faruwa, shuɗiyar tuta kuwa ma'anarta masu gudu na bayanka, ka ba su hanya. Da mai tutar farko ya kaɗa wa Alhaji shuɗiya, sai Alhaji ya ɗaga masa hannu ya yi masa hon. Na biyu ma haka. A na uku sai ya ga rashin kyautawa ne a wuce mutum yana ta ɗaga maka ƙyalle, ya taka birki ya tsaya cak don su gaisa. Ihun birkin ya ratsa filin gaba ɗaya. Motoci suka riƙa kauce masa suna wucewa fuu, mai tutar ya jefar da shuɗiya ya ɗauko baƙa yana tsalle. Baƙa kuwa ma'anarta fito waje yanzu.

Da suka dawo na ce to yau dai Mista Wesli ya gane. Ina! Ya fito ya gaya wa abokansa cewa mutumin yana nazarin filin ne, haka manya suke yi. Sai ya roƙi Alhaji alfarma ya bar shi ya tuƙa zagaye kaɗan ya nuna masa yadda kwanonin hanyar suke, tunda shi ɗan gida ne. Alhaji ya ce mai masauki ba a hana shi. Suka yi musayar kujera.

A ranar na fara ganin jar motar nan tana yin abin da aka ƙera ta domin shi. Ta fita da ruri, kafin ka ce me ta ɓace a bayan tudu, ta sake ɓullowa ta ɗaya gefen. A zagayen farko birkin ya yi ihu sau ɗaya ko biyu, daga nan ya yi tsit. Motar ta riƙa zuwa ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya da mugun gudu, sai ka ga hancinta ya duƙa ta rage nan take ta shige kwana. A matsayina na makaniki abin ya ba ni sha'awa. Amma ina hango kwalkwalin Alhaji yana bugun gilashi dama da hagu.

Da suka tsaya, tayoyin suna fitar da zafi da ƙauri. Mista Wesli ya fito yana dariya. Alhaji bai motsa ba. Na buɗe ƙofar na kwance masa bel, na ja kwalkwalin da ƙyar, hular ta fito jiƙe sharkaf. Ya dafa ni ya fito ya zauna a kan wata tsohuwar taya, leɓensa yana motsi da salati. Na ba shi ruwa ya sha. Can ya ce, "Lawali, matso."

Na durƙusa kusa da shi.

Ya ce, "Da ya taka birki a ƙarshen miƙaƙƙen can, idona ya kusa fita. Kuma bai yi kuka ba."

Na ce, "Haka ne, Baba. Ya ɗauki zafi ne. Sai da zafi yake aikinsa."

"Sai an yi wannan gudun yake zafi?"

"Sai an yi kusan haka."

"To da asuba fa? A gangaren gidana?"

Ya dubi ƙasa. Da ya sake magana muryarsa ta canza, ban taɓa jin ta haka ba.

Ya ce, "Kullum in ta fita ina kwance bayan salla, ina jin kukan nan tun daga ƙofa har bakin titi, ina ce wa raina na sa wa iyalina birki mai ƙarfi. Ashe ita tana can tana roƙon mota ta tsaya. Ta gaya mini, Lawali. Na ce ƙafarta ce."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Cire shi. Yanzu, a nan."

Na ce sai ya huce, yanzu ko taɓa shi ba a iyawa. Ya ce sai mu jira, amma motar nan ba ta komawa gida da shi.

Sai ya tashi ya yafito Mista Wesli. Ya duƙa ya damƙo tsakuwa daga gefen wurin ajiye motoci, ya buɗe tafin hannu a gabansa ya ce, "Pisti." Ya nuna filin tseren ya ce, "Gudron." Ya sake nuna tsakuwar ya ce, "Pisti. Madam. Tule jur." Ni kuma na cike sauran da Turanci: hanyar tsakuwa, gangare, tireloli, sanyin asuba, da hancin motar da ya leƙa titi. Maganar da na yi masa ranar Litinin ce, ban ƙara ko kalma ba, amma wannan karon ya ji. Fuskarsa ta yi ja, sannan ta yi fari. Ya tambaye ni sau biyu ko matar lafiya take.

Da birkin ya huce na ɗauko kayana, amma Mista Wesli bai bar ni na taɓa ba. Ya durƙusa a ƙasa da kansa, ya cire taya, ya duba faifan da kyau ya ga bai lalace ba tukuna, ya goge shi, ya ɗaura plaket na titi. Ni ina miƙa masa sifana kamar ranar da na fara aiki. Alhaji ya zauna a gefe ya riƙe notocin taya a cikin jiƙaƙƙiyar hularsa don kada su ɓace. Ba wanda ya ba wani haƙuri da baki. Da aka gama, Alhaji ya buɗe kular shinkafar da aka dafa wa iyayen Mista Wesli, muka zauna da masu tuta muka cinye. A hanyar dawowa na ba Alhaji motata na karɓi jar motar, na sami titi mara mutane na yi ta takawa ina saki har sabon plaket ɗin ya zauna a kan faifan, kamar yadda ake yi wa kowane sabo.

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Mariyama ta kira ni daga wurin aiki. Ta ce, "Lawali, Allah ya yi maka albarka, motar ta daina musu. Amma ka san abin da Babanka ya yi? Na fito ban gan shi a ɗaki ba. Da na gangaro, sai na ga mutum tsaye a bakin titi cikin sanyin nan, ya lulluɓa da bargo. Na taka, motar ta tsaya shiru tun kafin in kai gare shi. Ya leƙa ya dubi inda tayata take, ya dubi titi, ya ɗaga mini hannu, ya juya ya hau gangaren da ƙafa."

Abin da na koya a wannan aikin shi ne, mutum biyu masu kirki suna iya tsayawa a kanta su yi magana, kowa ya ji kalmar da ya sani, kowa ya tafi da murna, alhali ba ɗayansu da yake tuƙa motar da asuba. Plaket ɗin nan ba shi da laifi, mai kyau ne ƙwarai a inda aka yi shi domin wurin. Tun daga ranar, in an kawo mini birki, ba na tsayawa a kan titi ko fili. Ina tambaya wa ke tuƙa ta, da wane lokaci, kuma ina ne wurin da dole ta tsaya. In aka ce matar gida ce, sai in ce a kira mini ita a waya kafin in kwance ko noti ɗaya.